Gashin Peronella

Litinin, 19 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Na buɗe akwatin. Na rufe shi, na je na ɗora kofi, na dawo na sake buɗewa, kamar kafin ruwa ya tafasa wani zai canza min abin da ke ciki. Ba wanda ya canza. Asu ya shiga gashin Peronella, ƙatuwar mutum-mutumin garinmu da ake fitarwa ranar biki.

Gaban ne ya fi lalacewa, daga wannan kunne zuwa wancan. Ina ɗaga shi ya biyo yatsuna, ya bar ragar da aka ɗinka shi a kai tsirara. Bayan da sauƙi, sai ɗan nan da can. Na zauna a bakin gado da shi a cinyata har kofin ya ƙone.

Saura kwana ashirin bikin gari. Ranar takwas ga Satumba Peronella za ta fito daga zauren magajin gari da tsayinta na mita huɗu, Eudald mai gyaran famfo a ƙarƙashin siket ɗinta yana ɗauke da ita, ta yi rawa da mijinta Galceran gaban duk mutanen Vallcendra. Shi Galceran gemunsa da sumarsa duk fenti ne a kan kwali, ba ruwansa da asu. Ita kuwa gashin mutum ne a kanta. Mata goma sha huɗu na garin nan suka yanke kitsonsu bayan yaƙi aka yi mata shi. Mama ta kula da shi shekara arba'in da biyu, ni kuma ashirin da shida, kuma a hannuna ya zo ya lalace.

Na san yadda aka yi. Bara farin zanen da muke naɗe shi ya yage, sai na naɗe shi da mayafin ulun Mama, da niyyar in canza ranar Sant Joan, idin coci na ƙarshen Yuni. Kowace shekara ranar nake buɗe akwatin, in shanya gashin a inuwa, in zuba sabon kafur. Bana a satin Sant Joan muna birni ni da yayata Tata Assumpta, a asibiti, bene na uku, muna jira a kira sunanta. Ko tunanin akwatin ban yi ba. Ulu fa. Ni da nake yi wa mata faɗa kullum a kan ulu da asu.

Litinin ɗin dai, ƙarfe huɗu na yamma

A cikin murfin akwatin akwai sunayensu, su goma sha huɗu, da fensir, rubutun Mama. Duk wadda ta rasu sai ta sa mata ɗan gicciye a ƙarshen suna. Na ƙarshen ni na sa shi, shekara huɗu da suka wuce. Yau na kasa kallonsu, na kifa murfin a ƙasa.

Talata, 20 ga Agusta, tsakar rana

Eudald ya leƙo shago da kayan aikin famfonsa a kafaɗa, ina tsakiyar wanke wa wata kai. Ya ce sun sauko da kan Peronella daga rumbu, sun goge mata fuska, sai ni ake jira. Sannan ya yi tambayarsa ta kowace shekara, wai wane salo za a gani bana. Ya san ba a faɗa. Tun zamanin Mama ba mai ganin gyaran kan Peronella sai safiyar biki, in ban da shi da ke riƙe min tsani ranar jajibiri. A da wannan al'ada abin yanga ce a wurina. Yau ita ce ta rufa min asiri.

Bai tafi ba sai da ya kawo tsohuwar maganarsa ta gashin roba. Wai garuruwan maƙwabta duk sun koma shi, ba nauyi, ba ya jin ruwa, shi kuma wuyansa ya gaji da kilo huɗun nan da ke lilo a sama in iska ta taso. Na ce masa in wuyansa ya gaji ya ba yara su ɗauka, kakarsa ba ta ba da kitsonta don a sauya shi da igiyar shanya ba. Ya yi dariya ya ce bakina bai tsufa ba. Da ya san abin da ke ƙarƙashin gadona da bai yi dariya ba.

Laraba, 21 ga Agusta, da safe

Na sa duk abin da ya rage a firiza, cikin leda, a bayan wake. Haka ake kashe ƙwan asu. Mayafin Mama na jefa a shara.

Alhamis, 22 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Tata ta sha romo rabin kwano, ta ce gishiri ya yi yawa. Ban sa gishiri ba ko kaɗan. Ban yi gardama ba, ita kuwa ta lura ban yi ba, ta kalle ni ta saman tabarau yadda take kallon ɗalibai lokacin tana koyarwa. Shekara talatin da takwas tana aji, rabin garin nan ta koya wa riƙe fensir, har yanzu in ta yi wannan kallon sai in ji kamar ban yi aikin gida ba.

Yau kwana tara da Talatar farko da aka yi mata ƙarin ruwan maganin ciwon daji. Ba ƙirgawa nake ba, zuwa yake da kansa. Mai sana'a irin tawa ta san kwana nawa ake ɗauka kafin gashi ya fara zuba, mata da yawa sun zauna a kujerata suna tambayata.

Juma'a, 23 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Na buga wa masu gashin roba na birni. Wani saurayi mai fara'a ya ce kwana biyar su kawo, baƙi wuluk, ba wanda zai gane daga ƙasa. Na ce zan sake kira. Za a gane. Gashin roba ƙyalli yake a rana kamar jikin kifi, kuma Quimeta tana da idon shaho.

Quimeta ta zo da safe a sa mata nannaɗin gashi, kamar kowace Juma'a. Shekararta saba'in da tara, kuma kowace shekara sai ta gaya wa duk wanda ke tsaye kusa da ita a dandali cewa gaban kan Peronella na mahaifiyarta ne, wai ba a taɓa yin mai baƙin gashi irin nata ba a kwarin nan. Gaskiyarta ne, na mahaifiyarta ne. Shi ne asu ya fara da shi. Yau ma ta ce in fito mata da shi sosai bana, kada in rufe shi da furanni kamar bara. Na ce to.

Da ta tafi na tsaya ina kallon sharar da na tara a ƙasa. Duk guntaye, duk rinannu, ja da ruwan zuma da wani mai kalar ƙwai. Matan yanzu sun aske kamar 'yan ƙwallo. Ko wata guda na tara ba zan samu abin da zai rufe goshin 'yartsana ba, balle na Peronella.

Asabar, 24 ga Agusta, ƙarfe takwas na dare

Bayan na rufe shago Tata ta sauko, kamar kowace Asabar tun ina koyon sana'a. Ta zauna a kujerar da ke gaban madubi, na kwance mata kitson, na taje. Tun tana 'yar sha tara almakashi bai taɓa shi ba sai dai in daidaita baki. Yana kai mata har ƙugu, furfura ce tsantsa yanzu, mai kauri, mai santsi. Na duba matajin a ɓoye bayan kowane ja. Babu komai.

Zan rubuta wani abu sau ɗaya, ba zan sake ba. Ina kitsa mata sai na tarar hannuna yana aunawa. Taƙi huɗu da ɗan yatsa uku. Kuma kaina ya riga ya gama lissafi, cewa in an raba shi biyu zai rufe daga kunne zuwa kunne har ya shiga cikin gammon baya. Yayata tana zaune tana ba ni labarin tumatirin baranda, ni kuwa ina auna ta kamar yadi. Na ji kunyar kaina har sai da na ce mata zan shiga banɗaki.

Lahadi, 25 ga Agusta

Ban je coci ba. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, 27 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Masu algaita sun fara gwaji a bayan makaranta. Waƙar rawar Peronella suke ta maimaitawa, kuma akwai guda a cikinsu da kullum yake shiga kafin lokaci. Tata ta buɗe ƙofar barandarta tana saurare, ta ce ɗan gidan mai burodi ne, tun yana aji biyu ba ya iya jira.

Na fito da gashin daga firiza, na wanke abin da zai wanku da ruwan sanyi, na shimfiɗa a kan tawul. Na baya zai yi gammo mai kyau. Na gaba na tattara shi a ambulan, bai kai cikin tafi biyu ba.

Kwana goma sha huɗu.

Alhamis, 29 ga Agusta, da safe

Na hau kai mata burodi da tumatir. A kan matashin kanta na ga silallan gashi. Tana banɗaki, na tsince su ɗaya bayan ɗaya na cusa a aljihun riga, na juya matashin. Akwai wasu a matakala, wasu a wuyan rigar barcinta.

Ba abin da ya faru yau.

Juma'a, 30 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Na gaya wa Quimeta. Wato na gaya mata tana ƙarƙashin na'urar busar da gashi, na'urar tana ruri, ita tana duba mujalla. Na tsaya a gabanta na faɗi komai, ulu da Sant Joan da asu. Ta ɗago ta yi min murmushi ta ce zafin ya yi daidai. Wannan shi ne iyakar jarumtata.

Asabar, 31 ga Agusta, ƙarfe takwas na dare

Na yi niyyar in ce mata na gaji, mu bar tazar sai wani satin. Kafin in buɗe baki ta riga ta zauna ta cire tabarau. Ja na farko matajin ya cika. Na mayar da hannuna baya, na manta a gaban madubi muke.

Ta kalle ni ta madubin. Na zaci maganar kanta za ta yi, na shirya ƙaryar da zan yi mata, cewa zafi ne, kowa gashinsa na zuba a Agusta. Sai ta ce, "Nawa asun ya ci?"

Na ce wane asu. Ta ce in daina raina mata hankali, gidan nan kwana goma sha biyu yana warin kafur har cikin romonta, ta ga mayafin Mama a shara, kuma tunda aka haife ni ban taɓa barin ta ta ci gardamar gishiri ba. Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi jin daɗi. Ta kai hannu ta jawo gashinta gaba ta ɗora a cinya.

"Ɗauko almakashi, nena."

Nena, wato 'yar ƙarama, haka take kirana har yau. Na ce ba zan ɗauko ba.

"Ranar Asabar ɗin can kin auna, ina jin yatsunki. Ya isa ko bai isa ba?"

Na ce ba maganar isa ba ce. Ta ce in ban yanke ba matashin kai zai kwashe shi a sati guda, in ci gaba da bin ta ina tsincewa ina cika aljihu, ta ga wa za a yi wa ado da shi. Na ce likita ya ce ba kowa ba ne yake zubar masa duka. Ta ce likita ya faɗa, mataji ma ya faɗa. Daga nan na ɗaga murya. Na ce duk wadda ta ba Peronella gashi ana rubuta sunanta a murfin nan, kuma ta je ta duba murfin ta ga abin da ke ƙarshen kowane suna. Na ce ni ba zan rubuta nata a ƙarƙashinsu ba, ko da Peronella za ta fita da sanƙo.

Ta mayar da tabaranta, ta ce min ashe har yanzu ban iya lissafi ba, matan nan wasu sun yi shekara sittin bayan sun ba da kitson. Ta hau sama da gashin a kwance. Ban bi ta ba.

Lahadi, 1 ga Satumba, da yamma

Ba mu yi magana ba. Na ajiye mata abinci a bakin ƙofa kamar wata baƙuwa. Ina jin takunta a sama da ƙasa. Tsoro nake ji, kuma ba na Quimeta ba ne, ba na gari ba ne.

Litinin, 2 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na sauko shago in share, na tarar da ita a kujera. Ta kitsa shi da kanta, ta ɗaure sama da ƙasa da zaren ɗinki yadda ake yi, ta ɗora almakashina a kan tawul. Ta ce gobe Talata ce ta biyu, kuma ba ta son mutanen bene na uku su zama su ne suka karɓe shi. Ta fi so ta bayar tun yana nata.

Na yanke. Shekara arba'in ina yanke gashi, ban taɓa jin ƙarar almakashi irin ta yau ba. Sai da na danna sau biyar kafin ya rabu. Ta shafa ƙeyarta ta ce iska na shiga, ashe haka maza suke ji, shi ya sa ba sa tunani. Na yi dariya ina kuka, na gyara mata abin da ya rage, na ɗaura mata ɗankwalin siliki mai ruwan toka. Ya yi mata kyau. Ban faɗa mata ba, don za ta ce ƙarya nake.

Litinin, ƙarfe biyar

Na dama baƙin rini a kwano, ta sauko ta same ni. Ta tambaya na mene ne. Na ce Peronella baƙin gashi gare ta tun kafin a haife mu, in na rina ba wanda zai sani. Ta ce to shi ke nan, in yi wa gari ƙarya da gashinta, in bar Quimeta ta ci gaba da nuna furfurar Assumpta Rovira tana cewa ta mahaifiyarta ce. Ta ce ita shekara sittin da huɗu ta yi kafin ta samu wannan launin, ba wanda ya ba ta kyauta, kuma Peronella ta haura ɗari, lokaci ya yi da za ta daina yi wa mutane ƙaryar ƙuruciya.

Na zubar da rinin.

Talata, 3 ga Satumba

Birni. Bene na uku. Awa huɗu. A mota ta yi barci da kanta a kafaɗata.

Laraba, 4 ga Satumba, ƙarfe bakwai na yamma

Na liƙa takarda a ƙofar shago cewa na rufe sai Juma'a. Tun safe nake saƙa gashin a zare, tsinke-tsinke, layi bayan layi, yadda Mama ta koya min, sannan in ɗinka kowane layi a sabuwar raga. Idona ba na da ba ne. Sau uku ina hawa sama in duba ta. Ba ta iya riƙe ko ruwa yau, amma da na shiga na ƙarshe ta buɗe ido ta tambaya layi nawa na yi. Na ce tara. Ta ce Mama da ta yi sha biyar.

Alhamis, 5 ga Satumba, da rana

Ashirin da biyu. Ya isa, har da ɗan saura. Fari a gaba, baƙi a baya. Ban san ko kyau ya yi ba ko abin dariya na haɗa.

Juma'a, 6 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Wannan karon na kashe na'urar kafin in yi magana. Na zauna a kan kujerar ƙafa a gaban Quimeta na ba ta ambulan ɗin. Ta buɗe, ta duba, ta rufe. Ta tambaya da me na naɗe shi. Na ce ulu. Ta ce, "Mahaifiyarki da ba ta yi haka ba." Na ce na sani.

Ta tashi da nannaɗin a kanta ta fita titi a haka, ita da ko shara ba ta fitarwa sai ta shafa jan baki. Ban gaya mata na wa za a sa a madadinsa ba. Ba na son ta yafe min don tausayi. Yanzu dai kafin a kaɗa ƙararrawar yamma gari ya gama ji.

Asabar, 7 ga Satumba, ƙarfe bakwai na yamma

Jajibiri. Eudald ya rufe ƙofar zauren, ya riƙe min tsani. Ya riga ya ji labarin asu, na gani a fuskarsa, kuma na san ya zo da maganar roba a bakinsa. Na hau da akwatin, na zaunar da ragar a kan Peronella, na kafa ta da ƙusoshinta, na raba tsaga a tsakiya, na kwantar da furfurar ta bi ta saman kunnuwa ta shige cikin gammon. Ban sa fure ko ɗaya ba.

Da na sauko ya ja da baya ya ɗaga kai. Sannan ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko na Senyoreta Assumpta ne, wato Malama Assumpta. Shekararsa hamsin da biyu, har yau haka yake kiranta, kamar yana aji uku. Na ɗaga kai. Ya tambaya na kakarsa fa. Na ce yana baya, cikin gammo, lafiya lau. Ya share hanci da bayan hannu ya ce tsanin nan ƙura gare shi. Muka lulluɓe ta da farin zane. Bai kawo maganar wuyansa ba.

Lahadi, 8 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe

Ta ce za ta fito baranda ko da a kujera ne. Na kasa cin komai.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Da aka yaye zanen a ƙofar zauren dandalin ya yi tsit. Ina tsaye a bayan masu ganga. Wani ya ce Peronella ta tsufa, wasu suka yi dariya, wata mata ta ce masa ya rufe baki. Sai aka busa algaita, ɗan gidan mai burodi ya shiga kafin lokaci, Eudald ya ɗaga ta ya fara juyi. Rana ta bugi gaban kanta. Ba ya ƙyalli irin na roba, haske yake yi a hankali, kuma ko tsinke ɗaya bai tashi ba. Na hango Quimeta a inda take tsayawa kullum. Ba ta nuna wa kowa komai ba, ba ta kuma tafi ba.

Ban jira ƙarshen rawar ba, na ruga gida na hau wurin Tata. Na same ta a tsaye, ta ƙi kujerar, ta riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu. Jerin gwanon ya shigo titinmu, Galceran a gaba. Ba a tsayawa a titinmu, ba a taɓa yi ba, daga dandali sai ƙofar coci. Galceran ya wuce. Peronella ta zo daidai gidanmu ta tsaya, ta juyo a hankali, ta matso har siket ɗinta ya taɓa ƙofar shagona. Tsayinta daidai barandar Tata ne. Fuska da fuska suka tsaya, ita da ɗankwali, waccan da gashinta.

Masu algaita suka rikice suka yi shiru. Duk titi ya ɗaga kai. Tata ta saki ƙarfen, ta miƙa hannu ta shafa gefen kan Peronella sau ɗaya, daga tsaga zuwa kunne, yadda take yi wa nata da safe. Sannan ta ce, yadda ni kaɗai zan ji, "Tsagar ta karkace, nena." Ba ta karkace ba.

Ta leƙa ƙasa ta ce wa siket ɗin, "Eudald Camps, ka tare hanya." Peronella ta ɗan rusuna ta wuce.

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Eudald ya kawo gashin da sassafe. Na taje shi, na naɗe a sabon farin zane na auduga, na zuba kafur har sai da na yi atishawa. A ƙofar shago na tsinci kwanon naman agwagwa irin na ranar biki a rufe da faranti, ba takarda. Kwanon Quimeta ne, na san tsagewar bakinsa.

Na bar murfin akwatin a kife. Tata ta sauko a hankali, tana hutawa a kowace matakala ta uku, ta ce in juya shi in ba ta fensir. Na ce a bari sai wani lokaci. Ta miƙo hannu kawai, ta yi min kallon nan.

Ta zauna ta gyara tabarau, ta fara daga can gefen hagu, a ƙarƙashin na goma sha huɗu, da manyan baƙaƙenta na allo. Ba Assumpta ta rubuta ba. Maria de l'Assumpció Rovira i Casademont ta rubuta, duka, sunan da ko a takardar makaranta ba ta cika sa shi ba, tana buɗa haruffan har na ƙarshe ya je ya dafa bakin katako. Ta duba, ta hure ƙurar fensirin, ta miƙo min.

"Ga shi nan. Nemi inda za ki sa gicciyen."

Na duba. Babu wuri, ko na ɗigo.

Talata ta uku ranar ashirin da huɗu ga wata ce. Ta ce in saya mata ɗankwali ja.